Ranar da Aka Kori Gwanin Gwanaye

"Duba sama," Injiniya ya rubuta, ya aje waya ya ci gaba da shan shayinsa. Karo na tara ke nan tun da ya iso ofis.

Shi ne shugaban wani zaure a intanet inda ake koyon rubuta manhaja, mutum dubu huɗu da ɗoriya. Shekara biyu da suka wuce ya tattara tambayoyin da sababbin shiga suka fi yi, ya amsa su a dogon rubutu, ya maƙala a saman zauren. Ba mai karantawa. Kullum sai wani ya faɗo da sallamarsa: da wane yaren kwamfuta zan fara? Me ya sa manhajata ta ƙi tashi? Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, har aka laƙaba masa Malam Duba-Sama.

Halin ya bi shi har gida. Ranar da matarsa, tela ce mai ɗinki a ɗakin gaba, ta ce tana son 'yar manhajar da za ta riƙa ajiye mata awon masu kawo ɗinki, adireshin zauren ya tura mata, ya ce komai yana sama. Ta ce ta gode, ta koma kan kekenta.

Sannu a hankali sababbi suka fara sulalewa. Manyan zauren ma suka koyi nasa, ba mai amsa kowa. Wata rana a wuni ba a rubuta komai ba sai sallama.

Ana cikin haka wani ya shigo da sunan Gwanin Gwanaye, ba hoto, ba bayani.

Wata ɗaliba ta tambayi yadda za ta sa manhajarta ta riƙe bayanai, don da ta rufe ta sai komai ya goge. Kafin Injiniya ya rubuta kalmominsa biyu, Gwani ya riga shi: "Mai sauƙi. Kada ki taɓa rufe ta. Ni tawa shekara uku ke nan a buɗe." Mutum goma sha biyu suka yi masa godiya.

Injiniya ya ƙware da shayi. Ya ture aikin ofis gefe, ya zauna ya rubuta cikakken bayani, layi bayan layi, har da misali. Gwani ya amsa: "Ban gane ba. Da alama kai ma haddacewa ka yi." Injiniya ya sake rubutawa da sauƙin da ko kakarsa za ta fahimta. Gwani ya ɓace kwana uku.

Da ya dawo, kan tambayar yadda ake nemo suna ɗaya a cikin dogon jeri ya sauka. Ya ce a buga jerin a takarda a bi da yatsa. Wani mai kukan manhajarsa tana nuna jan layin kuskure kuwa, cewa ya yi ya goge layin, in ja ya sake fitowa ya goge na gaba, har sai babu sauran ja. Ba kowace tambaya yake taɓawa ba, zaɓa yake, kuma bai taɓa komawa kan wadda aka riga aka gyara masa ba. Duk wadda ya taɓa, Injiniya ba ya cin abincin rana sai ya rushe amsar Gwani da hujja.

Zarginsa ya faɗa kan Dogo, abokin aikinsa da ke zaune a teburin da ke fuskantarsa, mai yawan murmushi shi kaɗai a gaban kwamfuta. Sati guda ba ya amsa gaisuwarsa. Dogo ya yi rantsuwa har ya gaji, daga bisani ya ɗauke kujerarsa ya koma kusa da taga.

A gida ma ba shi da wata hira. Matarsa takan saurare shi tana tsinke zare da haƙori.

"Kai ma ka cika kula shi," in ji ta. "To, me ka ce masa?"

Sai ya gyara zama ya maimaita mata bayanin tun daga farko, don ta ga girman jahilcin mutumin.

Zauren kuwa ya farfaɗo. Waɗanda suka gudu suka dawo kallo, suka tarar da darussa. Mataimakin Injiniya a zauren ya roƙe shi ya bar Gwani, ya ce mutumin nan alheri ne. Injiniya ya ce alherin da ke neman sa masa hawan jini.

Ranar Asabar da hantsi yana falo da singileti, yara sun fita wasa, wani ya tambayi yadda ake sauke manhajar da aka gama a kan waya. Ko minti ɗaya ba a yi ba Gwani ya bayyana: "Ka ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayarka, an gama. Kada ka jira shugaban zauren nan, wannan kam ya fi ƙarfinsa."

Injiniya ya fara rubuta amsa. Ya kai layi na huɗu ya tsaya, ya goge. Wata biyu ke nan wani ɗan rainin wayo yana juya shi, ya raba shi da abokinsa, ya hana shi cin abinci a kan lokaci. Ya danna sunan Gwanin Gwanaye, ya danna cirewa, ya tabbatar. Ya miƙe ƙafa a kan kujera, ya sauke ajiyar zuciya, ya lumshe ido.

Daga ɗakin ɗinki, inda tun safe ba a ji ƙarar keke ba, muryar matarsa ta taso.

"Haba Baban yara, kai da cire ni yanzu? Darasi ɗaya fa ya rage mini!"