Rigar Kamfani

"Mijinki ya bar aiki ba sallama," in ji manaja, ko kai bai ɗago ba. "Tun da ya fita kai kaya a babur ba mu ƙara sa shi a ido ba. Sai ya dawo da rigar kamfani lafiya lau, sannan albashinsa na ƙarshe ya fito."

"Ranka ya daɗe, yara ba su ci..."

"Baiwar Allah, riga!"

Ta kwance ƙullin hannunta, ta shimfiɗa rigar a kan tebur. A tsage take tun daga wuya, jini ya bushe a kafaɗa.

"A yi haƙuri," ta ce. "Da almakashi masu wankan gawa suka cire masa ita. Nawa za a yanke?"