Ciwon Da Ya Riga Rajista

Ranar da zagin manaja ya kai masa iya wuya, makanikin ya goge baƙin man hannunsa, ya nufi ofishin inshorar lafiya don ya ji yadda zai yi tasa rajistar. So yake ya ajiye aiki ya buɗe garejin kansa, amma inshorar kamfani ce ke biyan wankin ƙodar 'yarsa.

Ma'aikaciyar ofishin ta yi masa bayani dalla-dalla. Akwai ƙaramin tsari na ganin likita da magani, akwai babba da ya haɗa da kwanciya da tiyata.

Ya ce, "Wanne zai ɗauki wankin ƙodar 'yata?"

"Babban. Yaushe ciwon ya same ta?"

"Tun bara."

Ta ajiye biro. "Malam, ciwon da ya riga rajista, a wurinmu sai an shekara ana zubi kafin mu ɗauka."

"'Yar'uwa, yarinyar nan ba ta iya mako guda ba wanki."

"Wallahi na sani. Shawarata, kada ka saki inshorar da ke hannunka."

Ya koma wurin aiki. Manaja na tsaye bakin ƙofa, makanikin ya sunkuyar da kai yana jiran ashar. Sai manajan ya dafa kafaɗarsa yana murmushi.

"An ce ka je ofishin inshora. Ai ni na riga ka tambayar su wannan ƙa'idar, tun kafin in fara ɗaga maka murya. Yaya jikin 'yar tamu?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe," in ji makanikin. Ya kwanta, ya shige ƙarƙashin mota.