Zuciyar Ɗan Ɓera

"Ba za ki koma Kano ba," in ji tsohon, yana jingine da rumbunsa a Zango. "Ina nan ina kashe ɓeraye, ke kina can kina kiwonsu? Har a masallaci dariya ake mini."

'Yarsa ta miƙa masa waya.

"Baba, zuciyar ɗan ɓera ce muka ɗauka a bidiyo. Gadon ciwon zuciya ya yi, maganinsa muke nema. Na rage saurin bugun."

Bai dubi hoton ba. A kunne ya kara wayar, yadda a da yake kara kunne a ƙirjin marigayi autansa. Bugu biyu, sai tuntuɓe.

Ya sauke wayar.

"Haka tasa take yi," ya ce. "Ƙarfe nawa motar Kano ke tashi?"