Ranar da Aka Tsallake Tungar Kanya

Na'urar wayar gundumarmu takan farka kowace safiya ba ta san komai ba. Sai ta karanta jerin da aka rubuta mata, sannan ta san inda take da garuruwan da za ta haɗa. Garin da ba ta ambata ba, kira ba ya shigarsa, ba ya fita.

Na saba zama a gindin tagar ofishin ina saurare, don karatun nata yana yi mini kama da na mai jan baƙi. Yau ta ce Dogon Marke, ta ɗan yi shiru kamar mai haɗiyar yawu, ta wuce Gidan Tanko.

Na leƙa na ce wa ma'aikaciyar, “Ladidi, ta tsallake Tungar Kanya.”

“Ni na cire layin jiya, Baba. Umarni ne daga sama. Shekara shida ke nan garinku yana ƙarƙashin ruwan dam.”

“Garin ne ya nutse, 'yar nan, ba lambar ba. Tun da 'yata Tabawa ta tafi ƙasar waje, lambar nan kaɗai ta sani.”

“Ta taɓa kira?”

“Ba ta kira ba tukuna.”

Na tambaye ta abin da Tabawa za ta ji idan ta kira. Ta danna lambar, ta miƙo mini wayar ta taga. Wata murya mai ladabi ta ce, “Babu gari mai wannan suna.”

Na ce ta sake, ko kunnena ne. Ta sake.