Ranar Awon Tafiyar Mudi

Tun da aka hana goyon yaron da ya cika shekara, wai yana kashe ƙafa, masu awo ke zagaya gidaje. Gidan da ya faɗi, a kai yaron renon hukuma.

Gwaggo Tasalla ko a jikinta. Ta zuba yashi a tsakar gida, ta kife turmi don jikanta Mudi ya dafa, ta tura majanyi ƙarƙashin buhun gero.

Malama Kubura mai awo ta tsuguna da allonta.

"Gwaggo, ba a goya shi dai ko?"

"Da wane bayan, 'yar nan? Ni ma mai goya ni nake nema."

Mudi ya saki turmi, ya yi taku tara ba tangaɗi. Sai ya zagaya bayan Malama Kubura, ya kwanta lamo a gadon bayanta, ya ware ƙafafu yadda ya saba.

Kafin Gwaggo ta haɗa ƙarya, hannun mai awo ya koma baya ya tallafe shi, har da 'yar jijjiga.

Gwaggo ta kalli hannun. "Naki wata nawa?"

"Sha huɗu," in ji Malama Kubura a hankali. Ta rubuta cewa gidan ya ci.