Kujerun Layin Gaba

Ranar wasan ƙarshe, kafin a rushe dandalin tsohon filin shaƙatawa na Penang a ƙasar Malesiya, ko mutum ɗaya bai zo ba.

Mawaƙiyar ta leƙo ta bayan labule. A nan ta fara waƙa tana budurwa, lokacin da samari ke hawa bishiya don su hango ta. Talabijin ya kwashe wasu, ƙasa ta rufe sauran.

"Tsohuwa, mu tattara," in ji mijinta, makaɗinta. "Wa za ki yi wa?"

Watan matattu ne, lokacin da a al'adar garin ake cewa suna dawowa kallon wasa, ake bar musu layin gaba, mai rai ba ya zama.

"Kai dai kanka ba ya ja," in ji ta. "Jera kujerun nan duka layi ɗaya."

Ya jera yana mita. Ta kunna turare, ta saki murya.

Tana tsakiyar waƙa sai ga wani magidanci riƙe da tikiti, ɗan kallo mai numfashi na farko a bana, yana neman wurin zama.

Ta dakata, ta bi layin da kallo har ƙarshe.

"Ƙanena, ka makara. Wuri ya cika."