Sarakuna Biyu A Gaba

Vishant, ma'aikacin teburin caca, ya gama raba karta bakwai-bakwai a jirgin caca na kogin Mandovi, gumi yana keto masa. Wanda ke zaune gabansa Damodar Kamat ne, mahaifin Sharvani, wadda Vishant yake nema da aure.

Dokar wasan ko ɗan koyo ya san ta: ka jera karta biyar a baya, biyu a gaba, kuma dole biyar ɗin su fi biyun ƙarfi, in ba haka ba an cinye ka. Amma tsohon, gwani na gwanaye, sai ya jera sarakunansa biyu a gaba, ya bar tarkace a baya.

"Buɗe mana, yaro! Ko hannun naka ya shanye ne?"

Vishant ya ɗaga kartar tsohon ya ga kuskuren, ya saci kallon hagu da dama. In ya kwashe kuɗin da tsohon ya zuba, shi da Sharvani sai a mafarki. Cikin ƙiftawar ido ya mayar da sarakunan baya.

"Ka ci, Baba."

Tsohon ya tattara kuɗinsa tsaf, ya cusa a aljihu, ya maɓalle. Sannan ya miƙe, ya ja tsaki.

"Da gangan na jera su haka. Ni ba na ba mai maguɗi 'yata."